Na sake sauraron Trans na Neil Young

Na samu faifan CD na Trans, kundin da Neil Young ya yi a 1982, wanda masu tara fayafayai ke nema domin a nan ne waƙar Sample and Hold ta kai minti takwas. Mawaƙin da aka sani da jita ya shigar da muryarsa cikin na'urar vocoder, mai sauya murya ta koma kamar ta inji, har kalmomin suka dusashe, kamfanin Geffen mai fitar da fayafayansa kuma ya kai shi kotu a 1983 bisa zargin cewa sababbin waƙoƙinsa ba su yi kama da waɗanda aka san shi da su ba. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne dalilin da ya sa ya sauya muryarsa haka: ɗansa yana da lalurar ƙwaƙwalwa, ba ya magana, uban kuwa yana neman hanyar da za su fahimci juna.