Ranar da Shehu ya shigo gari

Alhamis, bayan isha'i. Yanzu na shigo daga majalisa, kaina na sarawa amma dai bari in rubuta tun abin yana da zafi a raina.

Yau ce ranar da aka ba Hajiya ta koma asibiti awon suga, irin wanda ba a cin komai kafin a ɗau jinin, to tun tuwon daren jiya ba ta sa komai a bakinta ba in banda ruwa. Na san Shehu zai zo, ai kwana uku kenan ana ta turo hotonsa a WhatsApp kuma an lilliƙa fasta a ko'ina, amma wallahi ban ji inda aka ce ga titin da za a rufe ga lokacin da za a rufe shi ba. Ƙarfe bakwai da kwata muka fito daga Rijiyar Lemo, na ɗau shatar ɗan sahu saboda kar ai ta tsaye-tsaye da ita. Tun daga Kurna na ga alamar ba lafiya, masu dawowa suna ta yi mana nuni da hannu, wani ya leƙo yace an tare gaba wajen Hajj Camp saboda ta filin jirgi za a taho da baƙon. Ɗan sahun nan ya san gari, yace maigida mu yanke ta Ƙofar Ruwa mu bi Gwammaja, nace bismillah. Ashe dabarar da kowa yai kenan. Da ƙyar da jan ƙafa muka fito titin IBB, muna zuwa daidai Ƙofar Wambai aka ce nan ne iyaka, an gitta Hilux guda biyu an ja igiya, jami'an tsaro sun jeru da bindigogi, ba gaba ba baya.

Tara saura muka tsaya a gurin, ba mu motsa ba sai sha ɗaya da wani abu.

Abin da na gani a awa biyun nan shi ya tsaya min a wuya. Adaidaita sun fi a ƙirga, ga motocin kaya da za su Kwari da Singa, ga 'yan makaranta da yunifom, ga masu baro ɗauke da dila, ga zugar masu zuwa tarbar Shehu da tutoci suna zikiri, duk an cakuɗe guri ɗaya kafaɗa da kafaɗa, ko allura ka jefa ba za ta kai ƙasa ba. Kuma duk cikinmu ba wanda aka laluba, ba wanda aka ce buɗe but ɗinka ko me ke cikin buhun nan. Bayan igiya titi fes, ko kaza ba ta gilmawa, gaban igiya kuwa mu ne dubbai a cushe. Sai gabana ya dinga faɗuwa, ina kallon wata mota da aka ajiye a gefe ba kowa a ciki, ina ta karanta la haula a zuci.

Wajen goma na ga Hajiya ta fara gumi, hannunta na rawa, tace jiri take ji. Na san wannan alamar, sugan ne ya sauka, likita ya taɓa yi mana bayani cewa mai shan maganin suga in ya daɗe bai ci abinci ba haka take faruwa kuma tana iya kai mutum ga suma. Na sauka na kutsa har gaban igiyar nace da wani jami'i, yallaɓai dan Allah mahaifiyata ce ba lafiya, asibitin ga shi nan ba nisa. Yaro ne ma, ba zai wuce sa'an ƙanena ba, rigar sulken nan ta jiƙe sharkaf. Yace wallahi ba shi da ikon ɗaga igiya, oda ce daga sama, amma ya biyo ni har gun adaidaitar ya leƙa yace sannu Mama, ya kira wani ɗan agaji ya kawo dabino da fiya wata. Nai ta yi masa godiya. Ta ci guda uku ta dawo hayyacinta, awon kuma ya tashi kenan tunda ta ci abu.

Sai ga jiniya. Motoci suka fara wucewa a guje, babura a gaba, baƙaƙen jif masu baƙin gilas, ban ma gane wacce Shehun ke ciki ba. Gurin ya ɗau kabbara da salati, mutane na hawa kan adaidaita suna ɗaga waya. Na juyo in ce Hajiya ta zauna sosai sai na ganta ta ɗaga hannu biyu tana addu'a hawaye na zubo mata. Tace min kai dai ka yi shiru, yau idona ya ga ayarin bayin Allah. Ni da nake cike da haushi sai na rasa ta cewa. Muka ƙarasa asibiti an riga an gama ɗaukar jinin safe, aka ce gobe. Na maida ita gida, shago kuwa sai bayan azahar na buɗe, cinikin yau ba a magana.

Da daddare a teburin mai shayi maganar kenan, har aka so a ɓata. Maƙocinmu mai gyaran waya shi ya fara, yace wannan ai fariya ce kawai, malami magajin annabawa me zai yi da motar yaƙi, kuma wa zai biya ɗan sahu da mai talla asarar wuni guda, mutumin da sai ya fita zai ci. Kawu yana gefe da carbinsa ya tare shi, yace yaro ba ka san garin nan ba. Ya fara lissafo masa. Yace Malam Ja'afar a cikin sallar asuba aka harbe shi a masallacin Ɗorayi a 2007, yana limanci. 20 ga Janairun 2012, ranar Juma'a da yamma, bama-bamai suka tashi a gari lokaci guda, sama da mutum 150 suka tafi, aka sa dokar hana fita, aka shekara ana tura babur da hannu in an zo shingen buhunan yashi. Sarki Ado da kansa, da girmansa da tsufansa, an buɗe wa motarsa wuta a Janairun 2013 yana dawowa daga wajen masallacin Murtala, dalilin da ya sa aka hana acaɓa kenan har yau. Malam Albani a Zariya a 2014, shi da matarsa da ɗansa. Yace to in wani abu ya sami baƙon nan a Kano yau, kana jin shagonka zai buɗu gobe? Garin ne gaba ɗaya zai kama da wuta. Ya ƙara da cewa Kano ba yau ta fara karɓar manyan baƙi ba, tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero Shehu Ibrahim Inyass yake zuwa daga Kaulaha jama'a na yin dafifi, bambancin kawai a lokacin ba wanda ke tunanin wani zai ɗaura bam a cikinsa ya shiga cikin masu zikiri.

Duk abin da Kawu ya faɗa gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba, kuma ni ba na cikin masu cewa a bar malami ya shigo ba tsaro. Amma nace Kawu, dan Allah a cikin lissafin nan naka duba su wa suka fi mutuwa. Ranar da aka kai wa Sarki Ado hari, Allah ya kuɓutar da shi, direbansa da dogarai ne suka rasu. A Kaduna watan Yulin 2014 da aka nufi Shehu Dahiru Bauchi bayan rufe tafsiri a dandalin Murtala, shi ya tsira, mutanen da suka zo sauraro ne aka kwashe gawarsu. Na babban masallacin Juma'a na cikin gari kuwa, 28 ga Nuwamban 2014, Sarki Sanusi ma ba ya ƙasar, talakawa ne sama da 100 a sahu, 'yan kasuwa da almajirai da tsofaffi. Mai son ɓarna taro yake nema. To yau da idona na ga an tara masa taro a Ƙofar Wambai, an tsare titin da ba kowa a kai an juya mana baya. In da tsaron namu ne mu duka, ai da tun jiya an faɗa a rediyo, Kano da ke da gidajen rediyo kamar me kuma kowane ɗan sahu da mai shago yana saurare, a ce titi kaza a rufe yake daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ku bi ta kaza. Da an tsaida motoci tun daga nesa kashi-kashi yadda ba za su taru guri ɗaya ba, an bar siririyar hanya ɗaya ta marasa lafiya da masu naƙuda, an sa masu na'ura suna duba masu shiga cikin taron. Rufe titin minti talatin kafin ayari ya iso ya isa, ba awa biyu da rabi ba.

Mai gyaran waya yace ai shi ma abin da yake nufi kenan, nace a'a, ba shi kake nufi ba, kai malamin kake jin haushi. Ni ban ga laifin Shehu ba, mutumin da ke cikin mota mai baƙin gilas ina zai san akwai wata tsohuwa da jiri ke ɗiba a bayan igiya. Ina kyautata zaton da ya sani da ba zai yarda ba. Kawu dai bai ce na yi daidai ba, cewa yai shirya irin wannan abu ba kamar faɗarsa a teburin shayi ba ne, kuma jami'an ma 'ya'yan wasu ne, tun asuba suke tsaye a rana. Wannan ma na yarda, na ga yaron nan na ɗazu.

Yaya yana zaune duk wannan surutun bai tofa ba. Shi yana masallacin Juma'ar ranar harin 2014, a sahun waje, har yau akwai tabo a ƙaurinsa kuma ko knockout yara suka fasa sai ka ga ya zabura. Da muka taso muna tafiya gida na tambaye shi, Yaya kai me ka gani? Yai shiru har muka kusa ƙofar gida sannan yace, ni da ka kira ni kace kuna tsaye cikin cunkoso a IBB, ban iya ci gaba da aiki ba, alwala nai na zauna ina ta kiran wayarka tana ƙin shiga. Na duba wayar kuwa, saƙon kiransa har guda tara.

Na leƙa ɗakin Hajiya ta ci tuwonta tun takwas, na tuna mata daga yanzu sai ruwa. Tace ta sani, wai kuma in nemo mata a waya inda aka ɗora karatun da Shehun yai yau ta saurara kafin tai barci. Na nemo mata. Ɗan sahun ɗazu yace zai zo shida da rabi, an ce gobe da hantsi baƙon zai koma filin jirgi, so nake mu riga su fita.