Baƙin Oktoba a Sakumono

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Gana da ke Legon ne ya matsa mini lamba. "Kawu, ka shekara hamsin a Ankara, ba ka taɓa zuwa gaida baƙi ba." Na ce waɗanne baƙi? Ya ce masu fiffike.

Ranar wata Asabar a watan Oktoba, muna idar da sallar asuba muka sha koko da ƙosai a Nima, muka hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya. La, Teshie, Nungua, duk a cikin cunkoso. Muka sauka a titin bakin teku da ke zuwa Tema, teku a dama, tafkin Sakumono a hagu. Tun 1992 aka sa wannan wuri cikin dausayin da yarjejeniyar duniya ta Ramsar ke karewa, amma abin da ya fara cika mini ido shi ne gidajen bulo da suka ci gefen ruwan, da ledojin ruwan sha a cikin laka.

Ya miƙo mini madubin hangen nesa. Da farko laka kawai na gani. Can sai lakar ta motsa: ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa, suna ta caka baki kamar keken ɗinki. Ga zalɓe ya ƙame kamar mai jiran bashi. Wani baƙi wuluk kuwa ya haɗa fukafukansa ya yi laima a kan ruwa, kifi ya shigo inuwa, ya cafke. Sau uku ya yi haka ina kallo, har na manta rana na dukan ƙeyata.

Sai ga wasu fararen tsuntsaye masu wutsiya kamar almakashi, suna faɗowa ruwa daga sama. Gabana ya faɗi, don na san su. Muna yara mukan je bakin teku mu ɗana musu tarkon zaren nailan da ɗan mataccen kifi. In an dace, akwai zoben ƙarfe a ƙafar tsuntsun, mu cire mu zura a igiya mu rataya a wuya. Ni kaɗai na tara huɗu.

Na gaya wa yaron. Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani ɗan tsibiri, Rockabill, kusa da Dublin a ƙasar Ailan, inda irinsu ke ƙyanƙyasa. Can ake sa wa 'ya'yan zobe, kaka na shiga su kamo hanyar Gana. Saboda tarko irin namu ne ma aka fara shirin ceton tsuntsayen bakin teku a ƙasar nan cikin shekarun 1980.

"Kawu, ina zobban yanzu?"

Na ce sun bi kayan tsohuwa lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Ya karɓi madubin, ya ci gaba da ƙirga tsuntsaye yana rubutawa a ɗan littafinsa. Ni kuma na tsallaka titi neman mai waakye, wato shinkafa da wake.