Tombola a kan katin ƴan ƙwallo: lissafinta, hukuncinta, da abin da muke yi a madadinta

Shagonmu ƙarami ne a nan Maradi, kayanmu kuma ba su da nauyi: katunan ƴan ƙwallo, sitika na liƙawa a albom, albom ɗin kansa, sai ledoji da gidajen roba na adana kati. Yawancin kayan ta Kano suke biyowa, su ratsa Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa. Kaɗan ne ke zuwa daga Faransa cikin jakar matafiya. Sunaye biyu ne ke riƙe da kasuwar: Panini na garin Modena a Italiya, wanda tun 1970 yake fitar da albom na Gasar Cin Kofin Duniya, da Topps na Amurka mai katunan Match Attax.

Da wuya mako ya fita wani matashi bai jingina da kanta ba ya ce, "Alhaji, wannan katin Mbappé ɗin ya fi ƙarfin aljihunmu, a sa mana shi a tombola." Amsarmu ɗaya ce: "Ɗana, a nan ba a yi." Sai dai wanda ka hana wa abu yana da haƙƙin jin dalili, shi ya sa zan warware maganar dalla-dalla.

Ga yadda ake yin ta. Mai kati ya ɗauki hoto gaba da baya ya jefa a zauren WhatsApp, ya buɗe gurbi, a ce 20, kowanne da farashinsa. Mutane su zaɓi lamba su tura kuɗi ta Nita ko Amana, ko su kawo a hannu. In gurabe sun cika, a rubuta lambobin a ƴan takardu a zuba cikin ƙwarya a ciro ɗaya, ko a sa manhajar waya ta juya sunaye. Mutum guda ya tafi da kati, sauran su tafi da haƙuri.

Masu yi ba su rasa hujja ba, kuma ba duka hujjar ce banza ba. Kati mai tsada yana iya wata shida a gilashi ba wanda ya taya, jarin mai shago ya kwanta. Tombola kuwa a dare ɗaya take kwashe shi. Ɗan lakwal da ba zai taɓa haɗa jikka 10 wuri ɗaya ba yana iya fidda dala 150. Zaure kan ɗauki zafi, sababbin fuskoki su san shago. Duk wannan gaskiya ne. Amma a ɗauki alƙalami.

A ce katin kuɗinsa jikka 10 ne, wato sefa 10,000. An buɗe gurbi 20, kowanne dala 150, sefa 750 ke nan. Abin da ya taru jikka 15. Mai kati ya ci jikka 5 a kan farashin da ba wanda ya yarda ya biya jiya da rana. Da za a raba darajar katin daidai a kan gurabe 20, kowane gurbi dala 100 ne ƙimarsa, to ashe kowa ya yi asarar dala 50 tun kafin a girgiza ƙwarya. Wanda ya shiga irin wannan tombolar sau 20, gurbi ɗaya duk mako, ya kashe jikka 15, kuma a matsakaicin lissafi kati ɗaya na jikka 10 zai samu. Abin da ya fi ciwo, cikin mutum uku da suka yi haka, ɗaya ko fiye zai gama zagaye 20 ɗin hannu rabbana. Da ya tara kuɗin a asusu, tun a mako na 14 ya saye katin da canjinsa. Ribar da mai shago ke murna da ita daga aljihun mutum 19 ta fito, kuma su ne abokan cinikinsa na gobe.

Wannan fa in an yi gaskiya ke nan. Inda ake lalacewa yana da yawa. Gurabe su tsaya a 13, mai kati ya riga ya taɓa kuɗin, ba a ja ba kuma ba a mayar ba. Ko ya sa lambobin ƙannensa da abokansa su cike sauran, katin ya zagayo ya dawo gida. A ja ƙuri'a sau uku a ɓoye, a nuna bidiyon wadda ta yi daɗi. Takarda ɗaya a naɗe ta daban, ko a yi ta da takarda mai kauri da yatsa ke ganewa. Wani lokaci ƙuri'ar lafiya lau take, katin ne jabu, ko hoton da aka nuna na wani kati ne mai kaifin kusurwa, wanda aka miƙa kuwa ya lanƙwashe. Wanda aka cuta ba ya da resi, kuma kunya ba ta barinsa ya je komisariya ya ce caca ya yi aka cinye shi. A kan wannan kunyar macuci yake dogaro.

Ta fuskar doka, a Nijar harkar wasannin sa'a na kuɗi tana hannun LONANI, kamfanin gwamnati. Fatantin da muke biya da takardun meri na saye da sayarwa ne, ba su ba kowa ikon tara kuɗin jama'a a kan ƙuri'a ba. Duk ɗan kasuwar da ke tunanin wata tombola, ko ta talla ce, ya fara zuwa ya yi tambaya a rubuce, ya riƙe amsar a rubuce. A kuma tuna zauren WhatsApp bai san iyaka ba: rabin mutanen ciki ƴan Jibiya ne da Katsina da Kano, inda ake aiki da shari'ar Musulunci kuma Hisba ke kama masu caca. A watan Nuwamba na 2024 ma Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa dokar tarayya ta 2005 kan irin waɗannan wasanni Abuja kawai ta shafa, kowace jiha ita ke da ikon tsara nata. Hatta Amurka, inda wannan al'ada ta yi ƙarfi tsakanin masu tara kati, ma'auninsu abu uku ne: akwai abin da za a ci, sa'a ce ke zaɓe, kuma sai an biya ake shiga. In ukun sun haɗu, caca ce a idon doka, kuma a yawancin jihohi ƙungiyoyin agaji masu rajista kaɗai ake yarje wa. Jihohin Yuta da Hawai ko wannan ƙofar ba su buɗe ba. Saboda haka kada wani ya nuna maka bidiyon Turawa ya ce can halal ne.

Ta fuskar addini kuwa maganar ba ta da duhu. Sunanta maisir, kuma aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya, suka ambaci gaba da ƙiyayyar da take sakawa tsakanin mutane. Wanda ya taɓa ganin yadda zaure ke kacamewa bayan an ja ƙuri'a ya san ba sai an yi masa tafsiri ba. Inda samari ke ruɗewa shi ne su ce ai ƙuri'a ta halatta. Ta halatta mana: an yi ta a kan rainon Nana Maryam, kamar yadda aya ta 44 a Ali Imrana ta faɗa, kuma Annabi (SAW) yakan yi ta tsakanin matansa in zai yi tafiya. Amma a can masu haƙƙi ɗaya ake rabawa, ba wanda ya zuba dukiyarsa don ta koma hannun wani. Ƙwarya ba ta da laifi. Kuɗin shiga ne ke mayar da ita caca.

Akwai wata siga da ta fi wayo, fasa kwali. A sayi kwalin da bai buɗe ba, a ce mai fakiti 100, a sayar da gurbi 32 daidai da ƙasashen da suka buga a Katar a 2022, sannan ƙuri'a ta raba ƙasashe. Duk abin da ya fito na ƙasarka naka ne. Masu yi sukan ce kowa na samun wani abu. Haka ne, sai dai kuɗi ɗaya aka biya, wani ya tashi da Ajantina da Messi, wani ya tashi da ƙasar da duk katunanta ba su kai kuɗin shayi ba. Mu a wurinmu ita ce dai, riga kawai ta sake.

Mai hankali zai ce, to fakitin da kuke sayarwa a rufe fa? Tambaya ce mai nauyi, domin hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya hana cinikin garari, wato sayen abin da ba ka san haƙiƙarsa ba. Mai sayen fakitin sitika ya san kamfani, ya san guda nawa ne ciki, ya san na wane albom ne, fuskokin ne kawai bai sani ba, kuma darajarsu ba ta cika yin nisa da juna ba. Fakitin kati masu tsada, wanda ake saye don fatan cin karo da mai sa hannun ɗan wasa, wannan ya fi kusa da caca, kuma akwai malaman da suka hana shi kai tsaye. Abin da muke yi: irin waɗannan mu muke fasa su da kuɗinmu, mu jera kowane kati da farashinsa, riba ko faɗuwa tamu ce. Sitika ma muna da su a buɗe ga mai so. Lissafi ma yana goyon bayan haka. Albom ɗin Katar gurbi 670 gare shi, kowane fakiti kuma sitika 5 ne, fakiti 134 ke nan in ba maimai ko ɗaya, abin da ba ya faruwa. Wanda ya ce da fakiti kaɗai zai cika, ba musaya, lissafi na kai shi wajen fakiti 950.

Shi ya sa muka ware Lahadi bayan la'asar don musaya. Kowa ya zo da maimansa a jere bisa lamba, da takardar lambobin da suka rage masa. Na gama-gari ɗaya da ɗaya, mai ƙyalli da biyu ko uku, yadda aka daidaita. Ba mu karɓar ko dala.

Kati mai tsada kuma hanya biyu muke bi da shi. Ta farko gwanjo: a faɗi farashin farawa, ƙari kada ya gaza dala 50, a sa lokacin rufewa, a ce ƙarfe 9 na dare bayan isha'i, kuma saƙon da ya shigo bayan nan ba ya cikin lissafi. Mai shago da yaransa da danginsa ba su tayawa, domin tayi don ɗaga farashi ba da niyyar saye ba shi ne najashi da aka hana. Ta biyu adashe, wanda iyayenmu mata suka fi mu iyawa. Mutum 10 ƴan fada ɗaya, kowa jikka 1 duk Juma'a, mako 10. Ƙuri'a tana tsara wa zai fara ɗauka ne kawai. A ƙarshe kowa ya zuba jikka 10 ya karɓi kati na jikka 10 wanda ya zaɓa da idonsa. Matsalarsa ɗaya, wanda ya ɗauka da wuri ya daina zubi. Maganinta, katin mutum biyar na farko yana zama a akwatin shago da sunansu har a kai mako na 6, kuma yaro ƙasa da shekara 18 ba ya shiga sai mahaifinsa ko yayansa ya zo ya tsaya masa.

Da Salla mukan yi ƙuri'ar kyauta. Ba tike, ba sharaɗin sayen komai, suna ɗaya sau ɗaya a littafi. Takardu daga shafi ɗaya ake yanka su, girma ɗaya, naɗi ɗaya, a ƙirga su a gaban jama'a, ƙaramin yaro ya ciro, bidiyo kuma ba a yanke shi tun daga ƙirga har karanta suna.

Kowace hanya kati ya fita, sai mai karɓa ya duba shi a gabanmu da gilashin ƙara girma. Baƙin rubutun katin asali sumul yake, na jabu kuwa ɗigo-ɗigo ne kamar an yayyafa gero. A duba kusurwa huɗu, a karkata shi ga haske don ganin ƙarce, domin kamfanonin tantancewa irin PSA, masu ba da maki daga 1 zuwa 10, a kan waɗannan suke rage daraja. Sannan a sa shi a leda mai taushi tukuna, kafin gidan roba mai tauri. In aka zura shi tsirara, ƙurar hunturu da ta shiga ciki za ta goge fuskarsa. Kada a ɗaure kati da robar ɗaure kuɗi, tana cin gefe. Kada a bar shi a aljihun babur ko kusa da rufin kwano a zafin Afrilu, da damina kuma mai ƙyalli yakan lanƙwashe saboda laima, sai a rufe shi a gwangwani mai murfi, a ɗora bisa kanta nesa da ƙasa saboda gara.