Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rufin Ɗakin Addu'armu

Makon jiya na tsaya a bikin Yaya, amma ku yi mini haƙuri, maganar coci ce ta tsaya mini a rai.

Ɗakin addu'ar unguwarmu laka ce da azara. Baba da abokansa suka kwaɓa ƙasar da ƙafafunsu tun ba a haife ni ba. In Fada ya samu zuwa daga mishan a yi Misa, in bai zo ba Baba ya karanta mana Linjila da Hausa. Kowace bazara yana bisa rufi yana yaɓe, yana cewa mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 Damagaram ta kama da wuta saboda zanen ɓatancin wata jaridar Faransa. Aka ƙone majami'u da cibiyar al'adun Faransa, kashegari abin ya faɗa Yamai, mutum 10 suka mutu a biranen biyu. Mu barikin soja muka gudu. Inna da ciwon gwiwarta, Alhaji maƙwabcinmu ne ya shigar da ita cikin matansa, aka zura mata hijabi. Ku riƙe wannan.

Da aka tashi sake gina ɗakin addu'armu, bulo da siminti aka yi. Wanda ya san Damagaram ya san tsadar ruwa, siminti kuwa sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma. Matanmu suka ɗauke wannan da tulu da jarka, har yau ban ji an gode musu a gaban jama'a ba.

Sai wani ɗan kwamitin coci, ba zan kama suna ba, ya ce a karkata kwanon rufi gabas. Baba ya ce: "Ɗana, gabas katangar Alhaji ce." Ya ce: "Tsoho, wannan ba aikin laka ba ne." Tsoho! Mutumin da ya san inda ɗakin ke yoyo tun shi ɗan kwamitin yana goye.

Ruwan farko ya ci gindin katangar Alhaji, rabi ya zube. Alhaji bai ce uffan ba, wannan ya fi ƙona Baba. Akuyar Inna ya sayar, ya gyara katangar ya sa indararo. Kwamiti bai mayar masa da ko dala ba, kuma mutumin nan har yau a bencin gaba yake zama.

Mako mai zuwa mu koma bikin Yaya.