Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwamitin da Ba Shi da Hannu, Sai Baki

A makon jiya na tsaya ne a ranar da na miƙa makullan ofis, bayan na cika shekara 35 ina aikin malamin gona, na koma gida Tudun Wada da niyyar in huta, in riƙa leƙa 'yar gonata da ke hanyar Soba. Hutun bai yi nisa ba. Wata rana bayan la'asar, ina zaune a zaure ina gyaran tsohuwar rediyona, wani masinja ya tsaya da babur ya miƙo mini ambulan mai hatimi, wadda a cikinta aka sanar da ni cewa an saka sunana cikin kwamitin ba da shawara kan ci gaba mai ɗorewa na shiyyarmu, wato Zariya da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita. Da na karanta wa uwargida, abin da ta fara tambaya shi ne ko akwai mota. Na ce babu, sai ɗan alawus na zama. Ta ce, “To, Malam, an dai ga kana da sauran takalmi ne.”

Mu goma sha wani abu ne a kwamitin, kuma wanda ya haɗa mu ya san abin da yake yi. Akwai wani farfesa masanin ƙasa da ruwa daga Samaru, wanda aka ba shugabanci. Akwai wakilin masarauta, da wata Hajiya mai magana da yawun ƙungiyoyin mata, da limami da fasto, da wani sarkin noma daga ɓangaren Makarfi, da ɗan kasuwa daga Sabon Gari, da matasa biyu, sai jami'an tsare-tsare na ƙananan hukumomi. Ni an ɗauke ni ne saboda na san ƙauyuka, su ma sun san ni, domin babu wata fadama tsakanin Shika da Soba da ban taɓa tsoma ƙafata a cikin taɓonta ba.

A zaman farko sakatare ya raba mana takardar sharuɗɗan aiki, shafi biyu da rabi, ya karanta ta a bayyane. Ni kuwa na zo da dogon jeri a aljihu: kwalbatin da ya karye a wuri kaza, rijiyar burtsatse da ta ƙafe a wuri kaza, rumbun tumatir da manoman rani suka daɗe suna roƙo. Ina saurare ina jiran in ji inda za a ambaci kuɗi, har ya kai ƙarshe ban ji ba. Abin da takardar ta ɗora mana shi ne mu duba tsare-tsaren raya ƙasa da suka shafi shiyyar kafin a zartar da su, mu faɗi inda za su ci karo da ruwa ko ƙasar noma ko lafiyar jama'a. Mu zagaya mu ji ta bakin mutanen da abin zai shafa, mu kawo maganarsu a rubuce. Mu kuma bi sawun ayyukan da aka riga aka fara, mu miƙa rahoto ga hukumar da ta naɗa mu. Ba mu da ikon ba da kwangila, ba mu da ikon dakatar da aiki, ba mu da asusu. Na ƙirga da bakin biro, kalmar “shawara” ta fito a kusan kowane sakin layi. Sarkin noma, wanda ke kusa da ni, ya sunkuyo ya ce, “Malam, ashe kwamitin nan ba shi da hannu, sai baki.”

Farfesa ya yi mana bayanin asalin abin. A watan Satumba na 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, waɗanda aka rarraba su zuwa ƙananan manufofi 169, da nufin a cim musu kafin ƙarshen 2030, bayan muradun ƙarni guda 8 da aka yi aiki da su daga 2000 zuwa 2015. Ya ce tun a taron Rio na ƙasar Burazil a 1992 aka gane cewa irin wannan alkawari ba ya cika a babban birni, sai an sauko da shi ga hukumomin da ke kusa da talaka, kuma kundin tsarin mulkinmu na 1999 da kansa ya lissafa wa ƙananan hukumomi aikin duba lamarin tattalin arzikin yankinsu da ba wa jiha shawara a kai, tare da kula da kasuwanni da magudanan ruwa da kwashe shara. Jihar Kaduna mai ƙananan hukumomi 23 ta fitar da rahotonta kan waɗannan muradu a 2017, kuma irin wannan rahoto ba ya yiwuwa sai da mutanen da za su ce ga abin da ke faruwa a ƙasa.

Inda muka daɗe shi ne kan kalmar “ɗorewa”. Farfesa ya kawo ma'anar da kwamitin Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayar a 1987, cewa ci gaba ne da zai biya bukatar mutanen yau ba tare da ya tauye na gobe wajen biyan tasu ba. Kowa ya gyaɗa kai, amma na lura rabin ɗakin bai kama ba, har sai da sarkin noma ya nemi izini. Ya ce a garinsu, manomin da yunwar bazara ta matsa masa ya daka irin da ya ajiye ya yi tuwo da shi, ya ƙoshi a daren nan, amma ranar da ruwan shuka ya sauka shi ne zai bi gida-gida yana roƙo. Ya ce in dai abin da ake nufi ke nan, to aikinmu shi ne mu riƙa nuna wa hukuma wane ne hatsin ci, wane ne iri. Har na bar kwamitin ban ji bayanin da ya fi wannan ba, kuma da shi muka riƙa fara magana a duk ƙauyen da muka je.

Fitarmu ta farko ta kasance a bakin kogin Galma, da rani, can ƙasa da inda Kubanni ke zuba a cikinsa bayan ya ratso gari ya kwaso abin da ya kwaso na kwata da leda. Duk ɗan Zariya ya san abin da waɗannan koguna biyu suke gare mu: ruwan famfo, da noman rani na tumatir da albasa da rake da kayan miya, duk a kansu suke, a ƙasar da ruwan sama na shekara bai wuce kimanin milimita 1,000 ba, shi ma daga Mayu zuwa Oktoba kawai. Abin da muka tarar shi ne tifofi sun yi layi suna lodin yashi, samari tsirara daga ƙugu zuwa sama suna watsa shebur, gaɓar kogin kuwa ta zube ta cinye kusan kunya goma na gonar wani dattijo. Na ga tushen bishiyar mangwaro a waje, saiwoyinta na reto a iska kamar igiyoyin guga. Hanyar da tifofin ke bi ta farfasa ɗan kwalbatin da ke haɗa ƙauyen da titi, har ta kai mata masu naƙuda sai a ɗauke su a baro idan damina ta yi ƙarfi.

Dattijon ya gane ni, domin shekaru da yawa da suka wuce ni na fara kai musu irin masara mai saurin nuna. Ya riƙe hannuna da hannayensa biyu ya ce, “Malam, kai namu ne. Waɗannan da ka zo da su, aiki suka kawo ko takarda?” Kunya ta kama ni a gaban jama'a, bakina ya riga hankalina, na ce, “Baba, ka kwantar da hankalinka, in Allah ya yarda kafin ruwa ya sauka za a gyara kwalbatin nan.” Aka yi kabbara, mata suka yi guɗa daga bayan danga.

A cikin mota babu wanda ya tanka mini har muka kusa shiga gari. Sannan Farfesa ya juyo, cikin ladabi, domin na girme shi, ya ce, “Malam, da wane kuɗi?” Ya ce abin da na yi ba huruminmu ba ne, kuma ɓarnarsa ta wuce kwalbati, domin ranar da ruwa ya sauka ba a gyara ba, duk maganar da kwamitin zai sake kaiwa ƙauyen za a ɗauke ta irin ta masu neman ƙuri'a, alhali amanar mutane ita ce kaɗai jarinmu. Na ji zafin maganar, amma ban sami abin musawa ba. Shekara 35 na yi ina zuwa ƙauye da abu a hannu, ko iri ko taki ko maganin feshi, ban saba zuwa da kunne kawai ba.

Mun rubuta rahoto mai kyau a kan yashin, muka ba da shawarar a keɓe wuraren ɗiba nesa da gonaki, a hana haƙa a gindin gaɓa, a dasa itatuwa da ciyawa mai riƙe ƙasa, a kuma sa wani kaso na harajin da ake karɓa daga tifofi cikin gyaran hanyar da suke lalatawa. Ba mu nemi a hana ɗibar yashi gaba ɗaya ba, ko da yake wasunmu sun so haka, domin Hajiya ta tsaya kai da fata cewa samarin nan da shebur suke ciyar da iyayensu, kuma garin da ke ta gine-gine ba zai daina neman yashi don mun rubuta takarda ba. Sai dai mun yi sakaci a wuri ɗaya. Mun ɓata watanni muna goge Turancin rahoton, muka miƙa shi dab da ƙarshen shekara, lokacin da ma'aikatu sun daɗe da haɗa ƙiyasinsu na kasafin kuɗin da zai fara aiki a Janairu. Wani jami'i ya karɓa da fara'a, ya buga hatimi, ya ce sai baɗi. Daga nan muka mayar da kalandar kasafi ita ce kalandarmu, muka riƙa miƙa shawara tun tsakiyar shekara, ko da shafi biyu ce.

Abin da ya ɗan yi tasiri kafin baɗin, ba mu ma lissafa shi cikin manyan ayyukanmu ba. Wakilin masarauta ya nemi hakimi ya kira zama, aka haɗa shugabannin masu tifa da manoman fadama da dagatai a ƙarƙashin rumfa ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba, mu kuma muka zauna gefe muna rubutu. An yi musu har muryoyi suka dushe, amma kafin azahar an yarda da iyaka: daga wata tsamiya zuwa gonaki, babu shebur.

Kwalbatin dai ba a gyara shi a daminar nan ba. Da ruwa ya fara sauka na hau babur ɗin ɗana na tafi ƙauyen ni kaɗai, na bar shi a bakin titi, na naɗe wando na tsallaka. Na sami dattijon a ƙofar gida yana gyaran fartanya, na durƙusa na gaishe shi, na ce masa alkawarin da na yi ba ni da ikon yin sa, na nemi gafara. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya aika jikansa ya kawo mini fura a ƙwarya, ya ce, “Malam, sha. Idan ka koma, ka sake rubuta musu, amma wannan karon ka sa cewa jikata a baro ta haihu.” Na ciro biro na rubuta a bayan ambulan ɗin da aka kawo mini takardar naɗi, wadda har lokacin take aljihun rigata.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda muka kwashe da masu gawayi.