Abin da ke sa da'irar saƙa ta kwanta

Babban darasin da na ɗauka a saƙar da'ira da kwarashi shi ne lissafi ke kwantar da ita, ƙarfin hannu ba ya yi. Ko matashin kofi ce, ko shimfiɗar tebur, ko saman hula irin wadda maza ke sawa a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, ƙa'idar ɗaya ce: kowane zagaye ya fi na bayansa tsawo, don haka dole a ƙara ido, wato ɗaurin zaren da kwarashi ke yi ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙarin ya dace da tsayin idon.

Idan gajeren ido kike yi, wanda ake cusa kwarashi ba tare da an naɗa zare ba, fara da 6, ki riƙa ƙara 6 a kowane zagaye: 6, 12, 18, 24, 30. A zagaye na biyu ido biyu a cikin kowane ido. Na uku ido ɗaya sannan ƙari, wato biyu a cikin ido guda. Na huɗu biyu sannan ƙari, haka har ƙarshe. Dogon ido kuwa, wanda ake naɗa zare a kwarashi kafin a cusa, ya kusa ninka gajeren a tsayi, shi ya sa ake farawa da 12 a ƙara 12. Masu saƙa da tsinkaye su fara da 8, su ƙara 8 a zagaye ɗaya, su bar na gaba haka nan.

Aikin da kansa yake faɗin laifinsa. In bakin ya tashi ya zama ƙoƙo, ƙarin ya yi kaɗan, ko kuma kina jan zare da ƙarfi. Gwada kwarashi mai girman rabin milimita sama da wanda ke hannunki kafin ki taɓa lissafin. In bakin ya yi tattara, ido ya yi yawa. Galibi wurin haɗa zagaye ne ɓarnar ke shigowa, a saka ido a kan mahaɗar ba a sani ba, ɗaya-ɗaya har ya taru. Maƙala fil ko guntun zare mai wani launi a idon farko, ki ƙirga kafin ki hau na gaba. Ɗora aikin a kan tebur duk bayan zagaye biyu. A kan cinya komai kwance yake.

Akwai matsalar da ta fi ba sababbin hannu haushi: lissafi daidai, amma da'irar ta fito da kusurwa shida. Ƙarin ne ya hau kan ƙari. Daga zagaye na biyar sai a riƙa gusar da shi. Inda ake barin ido 4 tsakani, fara da 2, ki yi ƙari, ki ci gaba da 4, ki rufe da 2.

Ga mai hula, auna kewayen kai ki raba da 3.14 don samun faɗin saman. Kai mai santimita 56 yana son saman da ya kusa 18, amma ulun roba da ya cika kasuwar Kejetia yana miƙewa, don haka a tsaya wajen 16 ko 17 a daina ƙari. Wajen kwantar da aikin bayan an gama, wannan ulun ba ya son dutsen guga, narkewa yake yi. Tururi daga nesa ya isa. Zaren auduga a jiƙa shi, a shimfiɗa a kan tawul, a kafe bakin da fil. Da damina a Kumasi yakan daɗe bai bushe ba, kada a cire fil ɗin da sauran danshi.