Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hanyar Illela a Tsakiyar Bazara

A makon jiya na tsaya a inda kawuna ya danƙa mini makullin Boxer ɗinsa, da sharaɗin in riƙa kawo balas duk yamma. Haka na zama ɗan kabu-kabu a Sakkwato.

Azumin 2021 ya kama ranar 13 ga Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 kusan kullum. Tun Disamban 2020 aka buɗe iyakar Illela, don haka masu zuwa Ƙonni sun dawo hanya. Wata rana da hantsi wani dattijo mai fataucin albasa ya ce in kai shi Illela, motar tasha ta ƙi cika. Kuɗin da ya faɗa ya fi abin da nake samu a wuni, ban ko yi ciniki ba.

Kafin ya hau sai ya dubi 'yar shimin da ke jikina. "Ɗana, da wannan za ka shiga rana?" Ya ciro tsohon rawani daga jakarsa, ya tsoma shi a randar wani mai shago, ya naɗa mini har hanci, ya kuma sa na aro riga mai dogon hannu.

Wanda bai taɓa hawa babur a bazara ba gani yake gudu na kawo sanyi. Ina! Idan iska ta fi jikin mutum zafi, duk ƙarin gudu ƙarin ƙuna ne, kamar ka kara fuska a bakin tanderun gurasa. Gumi ma ba ka ganinsa, yana fita yana bushewa, sai farin gishiri a wuyan riga. Muna wuce Kware rawanin ya bushe ƙayau. Kawalwalniya na ta rawa a kan kwalta, injin kuma na gasa mini ƙwauri, don shi ma da iskar nan yake shan sanyi. Ga ƙishirwar azumi, miyau ya kafe.

Bayan Gwadabawa tayar baya ta fara lilo. Muka tura zuwa gindin wani dogon yaro inda mai faci ke gyangyaɗi. Da ya zaro tif ɗin, tsohon faci ne ya ɗago, zafin kwalta ya narkar da gam. Ya ce a irin wannan lokaci ba a cika wa taya iska tam, don tana ƙara kumbura a hanya, kuma in duba baƙin mai, zafi na tsinka shi.

Dattijon ya hana mu tashi sai da muka yi La'asar. Ni ina lissafin balas, shi yana jan carbi. Da muka isa Illela ya biya ni, sannan ya riƙe mini hannu ya ce, "Gobe kana da aiki?"

Abin da ya biyo baya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.